Agusta bai saci kwana daga Fabrairu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi gyara a kan wani labari da ke dawo mana duk shekara kamar ruwan marka. Da zarar Yuli ya ƙare sai ka ji shi a rediyo, ka gan shi yana yawo a WhatsApp, har wasu malaman makaranta na faɗa wa yara a aji. Wai wani sarkin Rum mai suna Agustus ya duba ya ga watan Yuli, da aka sa wa sunan Yuliyus Kaisar, yana da kwana 31, nasa kuwa 30, sai kishi ya ci shi, ya zare kwana ɗaya daga Fabrairu ya liƙa wa nasa, shi ya sa Fabrairu ya gajarce har yau. Labarin na da daɗin ji, kuma ya yi kama da halin masu mulki, shi ya sa ba a tsayawa a bincika. Amma hakan bai faru ba, kuma hujjar tana cikin lissafin kalandar kanta.

Bari mu fara da sunan. Kafin a ce masa Agusta, Rumawa na kiran wannan wata Sextilis, daga kalmar Latin sex, wato shida. Watan shida ke nan. Wanda ya gabace shi kuwa Quintilis, watan biyar. Dalili shi ne tsohuwar shekarar Rum daga Maris take farawa, kuma a faɗar Rumawan da kansu watanni goma ne da ita, kwana 304, sauran kwanakin sanyi ba a ba su suna. Suna danganta ƙarin Janairu da Fabrairu ga sarkinsu na biyu, Numa. Daga shekara ta 153 kafin Miladiyya kuma shugabannin gwamnatinsu suka koma kama aiki ranar 1 ga Janairu, sai farkon shekara ya tsaya a nan. Sunayen lamba dai ba wanda ya taɓa su. Shi ya sa har gobe Satumba na nufin bakwai alhali shi ne na tara, Oktoba takwas, Nuwamba tara, Disamba goma. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Masana lugga sun ce Ramadan daga zafin ƙasa mai ƙuna aka samo shi, Jimada kuma daga daskarewar ruwa, ga shi muna yin azumi cikin hunturu wata shekara, wata kuma cikin damina. Suna kan tsaya inda aka aje shi, lokaci ya wuce ya bar shi.

Agustus ɗin ma ba sunan yanka ba ne. An haifi mutumin a shekara ta 63 kafin Miladiyya da suna Gayus Oktabiyus. Jikan 'yar'uwar Yuliyus Kaisar ne, kuma Kaisar ya mai da shi ɗa kuma magaji a cikin wasiyyarsa. Yana da shekara 18 aka kashe Kaisar a zauren majalisa ranar 15 ga Maris na shekara ta 44 kafin Miladiyya. Bayan yaƙe-yaƙen basasa da suka ci fiye da shekara goma, ya rage shi kaɗai a fage. A nan aka sami matsalar abin da za a kira shi. Rumawa sun kori sarauta tun wuraren shekara ta 509 kafin Miladiyya, kuma kalmar sarki ta zama abin ƙyama a bakinsu, zargin son sarauta ma na cikin abin da ya jawo wa Kaisar wuƙa. An yi tunanin ba shi sunan Romulus, wanda suke cewa shi ya kafa birnin, amma Romulus sarki ne, sai aka guje shi. Ranar 16 ga Janairu na shekara ta 27 kafin Miladiyya majalisar dattawa ta ba shi laƙabin Augustus, bisa shawarar wani ɗan majalisa mai suna Munatiyus Filankus.

Kalmar daga harshen addininsu aka ɗauko ta. Wurin da aka keɓe aka tsarkake don bauta shi ake siffantawa da ita. Tushenta ɗaya da augere, wato ƙaruwa ko bunƙasa. In za a fassara ta da Hausa, abin da ya fi kusa shi ne mai alfarma, ko mai kwarjini, wanda ake gani da girma fiye da na sauran mutane. Dabarar ita ce laƙabin ba ya ɗauke da wani muƙami. Bai ce sarki ba, bai ce kwamanda ba, amma duk wanda ya ji ya san ba tsaransa ba ne. Waɗanda suka gaje shi duk sun ci gaba da amfani da shi, kamar yadda Kaisar, da yake sunan gidan mutum ɗaya, ya zama sunan sarauta har ya iso cikin littattafan sira, inda muke karanta wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya aika wa Hiraƙla, Kaisar na Rum. A zamanin wannan Agustus ɗin ne kuma aka haifi Annabi Isa (AS).

Akwai masu cewa an ba shi wata na takwas ne saboda sunansa Oktabiyus na da alaƙa da takwas. Alaƙar kalmar gaskiya ce, amma dacewa ce kawai, sunan zuriyarsu ne. Ba kuma watan haihuwarsa ba ne, don ranar 23 ga Satumba aka haife shi. Wani marubucin Rum na ƙarni na 5, Makrobiyus, ya adana mana ƙudurin da majalisa ta zartar, kuma dalilan na ciki a fili. A Sextilis ne ya fara hawa kujerar konsul, wato ɗaya daga shugabanni biyu da ake zaɓa duk shekara, a shekara ta 43 kafin Miladiyya, bai cika shekara 20 ba. A Sextilis ne birnin Iskandariyya ya faɗa hannunsa, ranar 1 ga wata a shekara ta 30 kafin Miladiyya, abokin hamayyarsa Markus Antoniyus da sarauniyar Masar Kiliyofatara suka mutu, Masar ta zama ƙasar Rum, yaƙin basasa ya ƙare. A Sextilis na shekarar da ta biyo baya ne kuma ya yi hawan nasara uku a jere cikin birnin Rum, ranakun 13, 14 da 15. A shekara ta 8 kafin Miladiyya aka canza sunan watan. Ikon Allah, a cikinsa ya mutu, ranar 19 ga wata, shekara ta 14 Miladiyya.

Na Yuli ya fi sauƙi. A Quintilis aka haifi Yuliyus Kaisar, sai aka sa wa watan sunansa a shekarar da aka kashe shi. Yuliyus sunan danginsu ne.

To, mu dawo kan kwanaki, don a nan gizo ke saƙa. Kafin Kaisar ya taɓa kalanda, shekarar Rum kwana 355 ce, kusan daidai da shekarar Hijira mai 354 ko 355, don asalinta lissafin wata ne. An raba su haka: Maris, Mayu, Quintilis da Oktoba kowanne 31. Janairu, Afirilu, Yuni, Sextilis, Satumba, Nuwamba da Disamba kowanne 29. Fabrairu 28. Mai ƙalƙuleta ya gwada: huɗu sau 31 ya ba da 124, bakwai sau 29 ya ba da 203, a ƙara 28, an sami 355. A lura babu wata mai kwana 30 ko ɗaya. Rumawa na camfa lamba shafa'i, sun fi son wutiri. Amma in ka haɗa lambobi wutiri guda goma sha biyu, jimlar dole ta fito shafa'i, saboda haka in ana son shekara ta zama wutiri sai an sadaukar da wata ɗaya. Aka sadaukar da Fabrairu, wanda dama shi ne watan tsarkakewa da tunawa da matattu a addininsu. Gajartar Fabrairu ke nan, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Agustus.

Shekara mai kwana 355 tana gaza ta rana da kwana goma da 'yan sa'o'i. Mu da muke lissafin Hijira mun bar watanni su zagaya yanayi, ba mu damu ba. Su kuwa suna son bukukuwan shuka da girbi su faɗo a kan lokacinsu, sai suka riƙa cusa wani ƙarin wata a ƙarshen Fabrairu, kusan duk bayan shekara biyu, wanda ke tsawaita shekarar da kwana 22 ko 23. Firistocin gwamnati ne ke da ikon cewa a ƙara ko kada a ƙara, kuma firistocin nan 'yan siyasa ne. In nasu ne a kan kujera sai a ƙara wata ya daɗe, in abokin hamayya ne sai a yi shiru shekara ta ƙare da wuri. Masu kwangilar karɓar haraji ma na da ruwa da tsaki a ciki. Mai karatu zai tuna da nasi'u, wato ɗage watanni da Larabawan jahiliyya ke yi don biyan buƙatarsu, wanda Alƙur'ani ya yi tir da shi a Suratut Tauba. Ɓarnar ta kan yi nisa ƙwarai. Akwai kusufin rana da marubucin tarihi Libiyus ya rubuta cewa ya auku ranar 11 ga Quintilis, masana taurari suka lissafa baya suka gano ranar 14 ga Maris ce ta shekara ta 190 kafin Miladiyya. Kalanda ta yi gaba da kusan wata huɗu.

Kaisar, wanda shi ne babban firist tun shekara ta 63 kafin Miladiyya, ya yi gyaran ne da shawarar wani masanin taurari na Iskandariyya mai suna Sosijenes. Da farko ya ja shekara ta 46 kafin Miladiyya ta kai kwana 445 don kalanda ta jira yanayi: ƙarin wata na al'ada bayan Fabrairu, da wasu watanni biyu masu kwana 67 a haɗe tsakanin Nuwamba da Disamba. Sannan daga 1 ga Janairu na shekara ta 45 ya soke ƙarin wata kwata-kwata, ya raba kwana goma ga watannin da ke da 29. Janairu, Sextilis da Disamba kowanne ya sami biyu, suka koma 31. Afirilu, Yuni, Satumba da Nuwamba kowanne ya sami ɗaya, suka koma 30. Shida da huɗu, goma. Bai taɓa masu 31 ba, bai taɓa Fabrairu ba, illa kwana ɗaya da ya ce a ƙara masa duk shekara ta huɗu. Ma'ana, Sextilis ya sami kwanansa 31 tun shekara 37 kafin a sa masa sunan Agustus, a lokacin da mai sunan yake saurayi ɗan shekara 17. Masu mamakin yadda Yuli da Agusta suka jeru da 31 su duba Disamba da Janairu, su ma haka suke, ba wanda ya ce an yi sata.

Wani zai ce, mu da ba mu nan, ina shaida? Akwai guda biyu masu ƙarfi. Ta farko bango ne. A shekarar 1915 aka tono ɓaraguzan wata kalanda da aka zana a jikin bango a garin Anziyo da ke gaɓar teku kudu da Rum. Ta girmi gyaran Kaisar, kuma a ƙasan kowane wata an rubuta adadin kwanakinsa, 29 da 31, da Fabrairu a 28, ga kuma gurbin wata na ƙari.

Ta biyu ita ce yadda Rumawa ke faɗin kwanan wata, kuma wannan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ba sa cewa ɗaya ga wata, biyu ga wata. Turaku uku ne da su a kowane wata, daga su ake ƙirgawa da baya. Na farko Kalendae, ranar 1 ga wata, wanda daga shi kalmar kalanda ta fito. Na biyu Nonae. Na uku Idus, wajen tsakiyar wata. A watanni huɗun da suke da 31 tun asali, Nonae na faɗawa ranar 7, Idus ranar 15. A duk sauran kuwa ranar 5 da ranar 13. Da Kaisar ya ƙara kwanaki, sai ya zuba su wajen ƙarshen wata don kada turakun nan su gusa, bukukuwa su rikice. Saboda haka Agusta, duk da kwanansa 31, Idus ɗinsa na ranar 13, irin na gajerun watanni, haka ma Janairu da Disamba. Tabon tsohon tsayinsa na 29 ne ya rage a jikinsa. Oktoba kuwa Idus ɗinsa na ranar 15, abin da ke nuna 31 ne da shi tun fil azal, ba Agustus ne ya ba shi ba kamar yadda cikakken labarin satar ke iƙirari.

Ga yadda ake lissafin, ga ɗalibin da ya ci karo da shi. In ranar na gaban Nonae ko Idus, ka ɗebe ta daga turken ka ƙara ɗaya. Misali 3 ga Agusta: 5 a ɗebe 3 saura 2, a ƙara 1, ta zama rana ta uku kafin Nonae. In kuwa ta wuce Idus, sai ka ɗebe ta daga yawan kwanakin watan ka ƙara biyu, ka ambaci watan gaba. Ranar mutuwar Agustus, 19 ga wata: 31 a ɗebe 19 saura 12, a ƙara 2, ta zama rana ta 14 kafin Kalendae na Satumba, kuma haka marubutan Rum suka rubuta ta. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne su ga Satumba a rubuce su ɗauka a Satumba abin ya faru, ko su manta da ƙarin ɗaya da biyun nan, waɗanda suka samo asali daga al'adar Rumawa ta ƙirga ranar farawa da ranar ƙarewa duka.

Labarin satar kuwa an san inda ya fito. Wani malamin lissafi da ya koyar a birnin Paris a ƙarni na 13, Sakrobosko, shi ya rubuta cewa Kaisar ya jera watanni 31, 30, 31, 30 a tsare, Agustus ya zo ya ɓata. Tsakaninsa da Agustus fiye da shekara 1,200 ne. Da alama ya ga jerin bai yi masa kyau ba ne ya nemo masa dalili. Littattafan makaranta na Turai suka kwafa, aka yi ta kwafar kwafi har ya iso gare mu.

Abin takaici shi ne wannan tatsuniya ta rufe aikin da Agustus ya yi wa kalanda da gaske, wanda gyara ne. Umarnin Kaisar shi ne a ƙara kwana duk shekara ta huɗu. Bayan an kashe shi, firistocin suka ƙirga da irin ƙirgarsu ta haɗa farko da ƙarshe. Bahaushe zai gane wannan da sauri. Jaririn da aka haifa ran Juma'a, ran Juma'a mai zuwa ake sunansa. In ka bar ranar haihuwa, kwana bakwai ne. In ka sa ta a lissafi, rana ta takwas ce. Firistocin sun riƙa sa shekarar kabisa, wato mai ƙarin kwana, da ta wuce a matsayin ta ɗaya, sai ta huɗunsu ta zama bayan shekara uku kacal. Cikin shekara 36 suka ƙara kwana 12 a maimakon 9. Kalanda ta koma baya da kwana uku. Agustus ya ba da umarni a daina ƙarin har tsawon shekara 12, wato a tsallake kabisa uku, sannan a ci gaba duk bayan huɗu. Da wannan lissafi aka tafi har 1582, lokacin da Fafaroma Giregori na 13 ya gyara ɗan kuskuren da ya rage, na kusan minti 11 a shekara, wanda ke taruwa ya zama kwana guda cikin shekara 128. Aka kwanta ranar 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga wata. Shi ma bai taɓa tsawon Agusta ba.

Da sarakunan baya suka ga abin ya karɓu, sai kowa ya so nasa. Kaligula ya sa wa Satumba sunan mahaifinsa, Nero ya ɗauki Afirilu, Domitiyan ya ɗauki Satumba da Oktoba, Komodus kuwa ya kwashe goma sha biyun duka ya sa musu sunaye da laƙubbansa. Kowanne da ya faɗi sai sunan ya bi shi. Wanda ya burge ni a cikinsu shi ne Tiberiyus, magajin Agustus, da majalisa ta yi masa tayin wata ya ƙi, ya tambaye su yadda za su yi in Kaisarori suka kai goma sha uku. A zamaninmu ma an gwada. Gaddafi ya canza sunayen watanni a Libiya, ya kira Yuli da Nasir don girmama Jamal Abdul Nasir na Masar, Agusta kuma ya kira shi Hanibal, jarumin Kartaj da ya addabi Rum da yaƙi. Zaɓin na da ma'ana, ya cire sunan sarkin Rum ya sa na abokin gabarta ɗan Afirka ta Arewa. Bayan 2011 aka koma wa tsofaffin sunaye.

Akwai kuma tambayar da ake yawan yi, ko Agusta sunan gunki ne. A faɗi gaskiya yadda take. Janairu daga Yanus yake, Maris daga Mars, Mayu ana danganta shi ga Maya, Yuni ga Yuno, duk ababen bautar Rumawa ne. Yuli da Agusta sunayen mutane ne da aka san ranar haihuwarsu da ta mutuwarsu. Sai dai majalisar Rum ta ayyana kowannensu a matsayin abin bauta bayan ya mutu, Kaisar a shekara ta 42 kafin Miladiyya, Agustus a shekara ta 14 Miladiyya, aka gina musu ɗakunan bauta. Hukunci na malamai ne, ni tarihin kawai na kawo, don wanda zai yi magana ya yi ta a kan sani.

Yanzu ga abin da ya shafi aikinku kai tsaye. Ana ɗauka daga Ingilishi muka ari sunayen watannin nan, amma kunne ya isa shaida cewa wasunsu sun fi kama da na Larabci. Bature ɗan Ingila da sautin "j" yake fara sunan wata na shida da na bakwai, mu kuwa Yuni da Yuli muke cewa, kamar Yuniyu da Yuliyu na Larabcin Masar da Sudan. Haka Fabrairu da Fibrayir, Maris da Maris, Mayu da Mayu. Manoman Afirka ta Arewa na riƙe da kalandar Kaisar, har yau Amazigawa (Barbar) na Aljeriya da Maroko na bikin Yannayir wajen 12 zuwa 14 ga Janairu, wato sabuwar shekara a tsohon lissafi. Kuma furucinmu ya fi na Ingilishi kusa da asali, don a Latin babu sautin "j", Yuliyus Rumawa ke cewa. Haka nan tun a bakin talakawan Rum na baya Augustus ya koma Agustus, wanda ya haifi agosto na Italiyanci da Sifaniyanci, da Agustus na Larabcin Masar, da Gusht na Maroko. Faransanci ne ya fi kowa tauna kalmar, ya rubuta août ya furta "ut", shi ya sa wanda ya yi lakwal a Maraɗi ko Damagaram in zai faɗi ranar samun 'yancin Nijar, 3 ga Agusta 1960, da Faransanci, ba za ka ji ɗuriyar Agustus a ciki ba, alhali kalma ɗaya ce. A Sham da Iraƙi kuwa ba su ɗauki sunan Rum ba sam, Ab suke cewa, Yuli kuma Tammuz.

Saboda haka ina ba da shawara jarida ta tsaya a kan Agusta. Ana ganin Ogusta, ana ganin Ogas, ana ganin Augusta, wani lokaci biyu a shafi ɗaya. Ogusta bin furucin Ingilishi ne. Augusta kuwa a Latin siffar mace ce, laƙabin da aka ba Libiya matar Agustus bayan rasuwarsa, har wasu ke zaton sunan wata sarauniya aka sa wa watan. Wasalin "a" na ƙarshen Agusta namu ne, don Hausa ba ta son rufe kalma da baƙi.

Abu na ƙarshe shi ne fassarar yanayi. A Rum Agusta tsakiyar zafi ne da fari, an gama girbin alkama, gari ya yi tsit. Har yanzu ranar 15 ga wata Italiyawa na hutun da suke kira Ferragosto, daga feriae Augusti, wato hutun Agustus, shaguna a rufe, kowa ya nufi bakin teku ko kan duwatsu. Masu fassara labaran waje sukan kira wannan lokaci bazara, su rubuta hutun bazara ko wasannin bazara. Amma bazarar Bahaushe Maris zuwa Mayu ce, lokacin sharar gona da jiran ruwan farko. Agusta a Kano da Sakkwato da Damagaram shi ne ƙuryar damina, watan da ya fi kowanne ruwa, rana na iya kwana biyu ba ta leƙo ba, gero ya fitar da kai, ana gasa ɗanyar masara a bakin titi, katangun ƙasa na jiƙa suna zubewa, asibitoci cike da masu zazzaɓin cizon sauro. Manomin da ya karanta cewa za a yi taro a Landan da bazara zai sa rai da Afirilu. A Afirka ta Kudu da Ajantina kuma Agusta sanyi ne. Ya fi aminci a ambaci watan da sunansa, in ya zama dole a faɗi yanayi a ce lokacin zafi na Turai.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka, ya ba mu damina mai amfani.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin tarihi, Zariya